Kimiyya Da Rayuwa: Asirin Ruwan Gishiri Da Sukari

Duk shekara in damina ta kankama, kwatami ya cika ya tumbatsa, ruwan sama ya wanko ƙazantar bayan gari ya zuba cikin rijiyoyi da ƙoramu, sai a fara jin labarin ɓarkewar amai da gudawa, watau kwalara, daga wannan jiha zuwa waccan. Tun ƙarshen shekarar 1970 da cutar nan ta shigo Nijeriya ta wajen Ikko, ba ta yi ƙaura ba. A shekarar 1991 ta kashe fiye da mutum 7,000, a 2021 kuwa an ƙidaya fiye da mutum 100,000 waɗanda a ke zaton sun kamu da ita, fiye da 3,000 daga cikinsu suka rasu.

Duk sa'ad da haka ta faru, abin da ma'aikatan lafiya su ke nanatawa a rediyo da asibitoci bai wuce abu guda ba, watau a ba majinyaci ruwan gishiri da sukari. Mutane da yawa kuwa su kan raina wannan shawara, domin a ganinsu ciwon da ke kwantar da ƙato cikin yini guda ya fi ƙarfin abin da a ke samu a madafin kowane gida. Sai a bar ruwan a tafi kemis neman kafso, ko a matsa wa malamin asibiti sai ya yi allura. Waɗansu kuma su kan haɗa ruwan, amma da ka, ba awo, ko su ba yaro lemon kwalba su ce ai duk sukari ne. Dalilin da ya sa tilas gishiri da sukari su tafi tare, da dalilin da ya sa awo ya zama wajibi, yana ɓoye a wani wuri da ido ba ya gani, kuma shekaru masu yawa masana suka yi kafin su tono shi.

Ganuwar Maiƙo

Jikin ɗan Adam, kamar na dabba da na tsiro, an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Su ne a ke kira ƙwayoyin halitta. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganin alamarsu a shekarar 1665, sa'ad da ya yanko ɓawon wani itace ya duba. Masana sun ƙiyasta cewa a jikin baligi guda akwai kimanin tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Kowace ƙwaya tamkar birni ce, da ma'aikatunta da rumbunanta da fadarta inda a ke ajiye kundin gado, kuma kowace ɗaya tana kewaye da ganuwarta. Ganuwar nan ita ce tantanin ƙwayar halitta.

Tantanin nan ba shi da kauri ko kaɗan. Sai an jibga fiye da 10,000 a kan juna kafin su kai kaurin takardar rubutu guda. Da maiƙo aka yi shi. Wanda ya fara shinshino haka shi ne Charles Overton, a wajajen 1895, da ya lura cewa abubuwan da ke narkewa cikin mai sun fi saurin shiga ƙwayoyin halitta. A shekarar 1925 waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a bisa ruwa suka auna faɗinsa, sai suka ga ya ninka faɗin jikin ƙwayoyin sau biyu. Daga nan suka ce lalle tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano sun yi kuskure biyu a awonsu, amma kuskuren ɗaya ya share ɗaya, maganarsu kuwa ta tabbata har yau.

Kowane ɗigon maiƙon nan yana da kai guda mai son ruwa, da wutsiya biyu masu gudunsa. Da ya ke ruwa ne a cikin ƙwaya, ruwa ne kuma a wajenta, sai ɗigogin su jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwa ciki da waje, wutsiyoyi sun haɗu a tsakiya sun ɓuya. Halinsu ne ke jera su haka, kamar yadda man gyaɗa ke tattaruwa wuri guda in an ɗiga shi cikin kwanon ruwa. Shi ya sa in an huda tantanin da siririyar allura ya kan haɗe kansa nan take.

Har ila yau tantanin ba a daskare ya ke ba, ruwa-ruwa ne kamar mai. A shekarar 1970 Frye da Edidin, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka haɗe ƙwayar halittar ɓera da ta mutum suka zama ɗaya, suka shafa wa furotin ɗin kowanne launi dabam. Da farko kowane launi yana ɓangarensa, amma cikin kimanin minti 40 sai suka gauraye sarai. A 1972 Singer da Nicolson suka tattara irin waɗannan hujjoji suka fito da bayanin da a ke koyarwa har yanzu, watau cewa tantani tafki ne na maiƙo, furotin iri-iri suna yawo a cikinsa kamar jiragen kwale-kwale, waɗansunsu kuwa sun ratsa shi daga waje har ciki. Waɗannan masu ratsawar su ne ƙofofin birnin.

Ƙofofi Da Masu Tsaronsu

Kaɗan ne daga cikin abubuwa ke iya ratsa maiƙon kai tsaye. Iskar da a ke shaƙa da wadda a ke fitarwa su kan wuce ba tare da neman izini ba. Gishiri kuwa, in ya narke a ruwa, ya kan rabu biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne ɗauke da cajin lantarki, maiƙo kuma ba ya barin mai caji ya wuce. Sukarin gulukos shi ma ya yi girma, ga shi da son ruwa. Tilas duk waɗannan su bi ta ƙofa, kowace ƙofa kuwa ta san wanda ta ke bari.

Akwai ƙofofin da su ke kamar kafar ruwa, in an buɗe sai abu ya kwarara daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Ruwa kansa yana da tasa kafar, wadda Peter Agre na Amurka ya tabbatar da ita a 1992. Da ya dasa furotin ɗin a ƙwan kwaɗo ya saka shi cikin ruwa, sai ƙwan ya kumbura ya fashe, wanda ba a dasa masa ba kuwa ya zauna lafiya. Ta irin waɗannan kafofi ne ƙoda ke maido da mafi yawan lita 180 da ta ke tacewa kullum, har fitsari ya tsaya a lita ɗaya da rabi ko kusa da haka.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kanta maganar duka ta rataya. Jiki ba shi da famfon tura ruwa ta cikin tantani. Ruwa bin gishiri ya ke yi, da sukari, da duk abin da ya narke, ya kan nufi ɓangaren da narkakken abu ya fi kauri. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ko gurji ta ga ruwa ya tsattsafo, ta riga ta ga wannan ƙa'ida da idonta. Sabo da haka in jiki yana so ya ja ruwa zuwa wani wuri, sai ya kai gishiri can, ruwa ya biyo baya.

Kai gishiri inda ba ya son zuwa kuwa aiki ne na ƙarfi, akwai kuma ƙofa mai yin sa. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano ta a 1957 yana bincike a kan jijiyoyin ƙafar ƙaguwa, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1997. Famfo ne na furotin da ke zaune cikin tantani, a kowane bugu ya fitar da sodiyam 3 waje ya shigo da fotasiyam 2 ciki, yana ƙona makamashin ƙwaya dare da rana, ko mutum yana barci. A ƙwayoyin ƙwaƙwalwa rabin makamashinsu ko fiye a wannan aiki ya ke tafiya. Sakamakon haka sodiyam ya kan taru a waje yana matsa ƙofa yana son komowa, kamar ruwan da aka tare a madatsar Kainji, wanda in an buɗe masa hanya ya kan juya injin lantarki.

Hanji ya san yadda zai ci moriyar wannan madatsa. A watan Agusta na 1960, a wani taron masana a birnin Prague, Robert Crane na Amurka ya bayyana cewa a tantanin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙaramin hanji akwai wata ƙofa mai sharaɗi, wadda ba ta juyawa sai sodiyam da gulukos sun zo tare. Yanzu an san sodiyam 2 ne ke raka gulukos 1. Ƙarfin da sodiyam ke shigowa da shi ne ke jan sukarin ciki, sa'an nan famfon Skou, wanda ke can ɓangaren ƙwayar mai fuskantar jini, ya tura sodiyam ɗin gaba, kuloraid ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Kullum lita 8 zuwa 9 na ruwa ke bi ta hanjin baligi, tsakanin abin da ya sha da yawu da ruwan ciki da na matsarmama, amma abin da ke fita bayan gida bai fi cikin ɗan ƙaramin kofi ba.

Wasiƙa Da Adireshi

Mai lura zai tambaya, wa ya kafa ƙofofin nan, kuma yaya kowace ta san mazauninta? Ƙofar sukari tana fuskantar cikin hanji, famfo yana fuskantar jini, da za su yi musanyar wuri da aikin ya lalace. Dukansu furotin ne, furotin kuwa sarƙa ce ta waɗansu sinadarai iri 20 da a ke kira amino asid, waɗanda a ke jerawa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Masu jerawar waɗansu 'yan injuna ne da a ke kira ribosom, suna karanta umurni daga kundin gado. Matsalar ita ce ribosom a cikin ruwan ƙwaya ya ke aiki, ƙofa kuwa cikin maiƙo za ta zauna, sinadarin insulin da ke daidaita sukarin jini ma waje za a fitar da shi ɗungum.

A shekarar 1945 Keith Porter da abokan aikinsa a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York suka duba ƙwayar halitta da sabon madubi mai aiki da lantarki, suka ga cikinta cike da wata saƙa ta tantani, lungu-lungu, kamar ragar masunta. Masana suna kiranta endofilasmik retikulum, ma'anarsa ragar cikin ƙwaya. George Palade, haifaffen ƙasar Romaniya, ya ga ribosom manne a jikin ragar nan birjik. Ya ciyar da ƙwayoyin wata gaɓar cikin dabba mai fitar da ruwan narkar da abinci, wadda likitoci ke kira fankiriyas, da amino asid mai alama, ya bi sawunsa, sai ya ga sabon furotin ya fara bayyana cikin raga, daga nan ya wuce wata tasha da a ke kira Golji, daga nan a ƙunsa shi cikin 'yan jakunkuna a kai shi bakin ganuwa. An ba Palade lambar Nobel a 1974. Hanya ta bayyana, amma ba a san yadda a ke zaɓen matafiya ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Günter Blobel, Bajamushe, wanda aka haifa a 1936, ya zo ya yi aiki a ƙarƙashin Palade. A 1971 shi da David Sabatini suka ce watakila furotin ɗin da za a kai raga yana ɗauke da adireshinsa a goshi, kamar wasiƙar gidan waya. A lokacin zato ne kurum. A 1972 César Milstein da jama'arsa a Kambirij ta Ingila suka ga wani furotin na garkuwar jiki ya kan fito da ɗan ƙarin tsawo a farkonsa, wanda daga baya ba a ganinsa. A 1975 Blobel da Bernhard Dobberstein suka haɗa ribosom da gutsattsarin raga a cikin kwalbar gwaji suka nuna abin ƙarara. In babu raga, furotin ya kan fito da ƙarin tsawonsa ya zauna a waje. In akwai raga tun farkon aiki, sai a same shi a ciki, an yanke ƙarin.

Ga yadda abin ke gudana. Ribosom ya fara saƙa, abin da ya fara leƙowa shi ne adireshin, watau amino asid 15 zuwa 30, na tsakiyarsu masu gudun ruwa. A insulin guda 24 ne. Nan take wani ɗan aike da ke yawo cikin ƙwaya, wanda Peter Walter da Blobel suka gano a 1980, ya cafke adireshin ya sa ribosom ya dakata, domin kada a gama saƙar a wurin da bai dace ba. Ya ja ribosom da kayansa har jikin raga, inda mai karɓarsa ke jira, ya ɗora shi a bakin wata 'yar kafa ya sake shi ya koma neman wani. Saƙa ta ci gaba, sarƙar tana zurarawa cikin raga kamar zare ta kafar allura, wani almakashi na furotin ya datse adireshin tun da ya gama amfaninsa. In furotin ɗin ƙofa zai zama, a kan sami wani yanki mai gudun ruwa a tsakiyar sarƙar, in ya iso sai kafar ta buɗe ta gefe ta sake shi cikin maiƙo. Haka a ke ɗinka ƙofar sodiyam da sukari, ta ratsa tantani sau 14 kafin ta kammala. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jiki ta wannan hanya su ke bi. An ba Blobel lambar Nobel a 1999, ya ba da kuɗin duka don sake gina wuraren ibada a birnin Dresden, wanda ya ratsa yana yaro 'yan kwanaki kafin a ragargaza shi da bama-bamai a 1945. Ya rasu a 2018.

Raga kuma wurin duba aiki ce. A cikinta furotin ke naɗewa ya ɗauki siffarsa, wanda ya naɗe daidai a ba shi hanya, wanda ya karkace a tsare shi a mayar da shi baya cikin ruwan ƙwaya a farfasa. Tsananin binciken nan ya kan zama jarrabawa. Akwai wani ciwon gado da ya fi yawa cikin Turawa, sistik faiburosis, wanda a mafi yawan masu shi ƙofar kuloraid ce ta rasa amino asid guda ɗaya tak daga cikin 1,480. Raga ta kan ƙi sakinta, ba ta isa ganuwa, majina ta yi kauri ta toshe huhu. Wannan ƙofar kuloraid ɗin ita ce kuma abin da kwalara ke nema.

Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

Ƙwayar cutar kwalara ba ta shiga jini, a cikin hanji ta ke zama ta saki dafi. Wani likitan Kalkata ta Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da haka a 1959. Dafin furotin ne mai kashi biyu, zobe mai ƙafa 5 da kuma kibiyar da ke bisansa. Zoben ya kan kama wani maiƙo mai ɗauke da sukari a fuskar tantanin hanji, ƙwaya ta haɗiye shi cikin jaka, daga nan ya kama hanyar da Palade ya gano, amma da baya da baya, daga ganuwa zuwa Golji, daga Golji zuwa raga. Yana ma ɗauke da wata alama ta amino asid 4, irin wadda ma'aikatan raga ke ɗauke da ita don a maido su gida in sun ɓace, ita kuwa tana taimaka masa ya isa. Da isarsa raga sai kibiyar ta warware kanta ta yi kamar furotin da ya lalace, masu duba aiki su fitar da ita cikin ruwan ƙwaya don a farfasa ta. Tana fita sai ta kuɓuce ta sake naɗewa, ta je ta danne wani makunni ta hana shi kashewa.

Makunnin nan shi ke ba da umurnin buɗe ƙofar kuloraid. Ƙofa ta wangame ba rufewa, kuloraid ya yi ta kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su bisa ƙa'ida. Majinyaci ya kan zubar da abin da ya kai lita guda cikin sa'a guda, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, murya ta dushe, fata ta yamushe, jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya. In ciwon ya yi tsanani ba a yi magani ba, ya kan kashe har rabin waɗanda ya kama. In an mayar da ruwa a kan lokaci kuwa, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Rahamar da ke cikin lamarin ita ce dafin bai taɓa ƙofar Crane ba. Tana nan tana jiran sodiyam da gulukos su zo tare. In an ba ta su, za ta yi ta shigo da gishiri, ruwa ya biyo, har abin da ke shiga ya rinjayi abin da ke fita, majinyaci ya rayu har hanjinsa ya sabunta ƙwayoyinsa cikin 'yan kwanaki. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada haka ga majinyata a birnin Daka, suka ga bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu ƙwarai.

Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin ƙasar Bangaladash, sa'ad da miliyoyin mutane suka gudu Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu cikin damina. A garin Bangaon wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan ƙari ya ƙare, masu iya sa shi kuma ba su da yawa, mutane suna mutuwa kimanin 30 cikin 100. Sai ya sa aka auna gishiri da bakin soda da gulukos aka dama cikin ganguna, aka ba iyaye da 'yan'uwa kofuna aka ce su yi ta ba majinyatansu. Cikin mutum fiye da 3,700 da aka kula da su haka, mace-mace suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa gano tafiyar sodiyam da gulukos tare zai iya zama ci gaba mafi muhimmanci da ilmin likita ya samu a ƙarni na 20. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta bi gida-gida shekara 10 tana koya wa miliyoyin mata haɗin. A Nijeriya ma, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya tsayin daka wajen yaɗa shi. A wajajen 1980 gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da miliyan 4 kowace shekara a duniya, a 'yan shekarun nan kuwa adadin ya sauko ƙasa da 500,000.

Awo Shi Ne Magani

Wanda ya fahimci ƙofar nan ya fahimci kowace doka ta haɗin. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya zube. Gishiri ba sukari ba ya juya ƙofa. In gishiri ya yi yawa ya kan cutar da ƙwaƙwalwar yaro har ya yi jijjiga. In sukari ya yi yawa fiye da abin da ƙofa za ta iya ɗauka, ragowar ya kan zauna cikin hanji ya jawo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru, wannan kuwa shi ne aibin lemon kwalba, sukari tuli, gishiri kusan babu. Don haka ne ma a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage gishiri da sukarin ƙunshin ORS, bayan an ga sabon awon ya fi rage amai da yawan gudawa. Ƙunshin lita guda yanzu yana da giram 13.5 na gulukos, 2.6 na gishiri, 1.5 na gishirin fotasiyam, da 2.9 na wani sinadari mai rage tsamin jini.

Ƙunshin nan shi ya fi, a zuba shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ruwa mai tsabta ko wanda aka tafasa ya huce. In ba a samu ba, a auna lita guda ta ruwa, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, shafaffu ba masu tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba yaro cokali-cokali, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'i zuwa rabin babban kofi bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka ya sha rabi zuwa cikakken kofi, babba ya sha iyakar iyawarsa. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kada a janye nono, kada a hana abinci, a kuma nemi ƙwayar zinki a ba yaro kwana 10 zuwa 14, kamar yadda hukumomin nan biyu suka shawarta tun 2004.

Ruwan gishiri da sukari ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya kuma tsayar da gudawa nan take, aikinsa shi ne ya riƙe rai har jiki ya ci ƙarfin ciwo. Sabo da haka kada uwa ta ga gudawa ba ta tsaya ba ta ce bai yi aiki ba. Kada kuma a ce ai haƙori ne a zauna, ko a ga maɗigar jariri ta faɗa a tafi neman abin shafawa, domin faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa. In yaro ya kasa sha, ko ya galabaita ba ya gane mutane, ko an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, ko an ga jini a bayan gidansa, ko gudawar ta zama fara kamar ruwan shinkafa, to, a garzaya asibiti, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya.

Ga hukumomi kuwa, nauyin da ke wuyansu ya fi na iyaye. Ya kamata ƙunshin ORS da zinki su isa kowane ɗakin shan magani na ƙauye tun kafin ruwan farko ya sauka, a kuma tuna kwalara ba ta zama inda akwai ruwan famfo mai tsabta da masai mai murfi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa a ga ƙarshen damina lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.